Motar Baba da rigimar karburater biyu

 Yau ba farashin hatsi muka kawo muku ba, ba kuma sanarwar taro ba. Labarin wata tsohuwar mota ne, da wasu ƙarafa biyu da kowannensu bai wuce girman tulun shayi ba, amma saura kaɗan su hana mu gaisawa da ƴan'uwanmu na ciki ɗaya.

Mutanen Tawa da yawa sun san motar. Range Rover ce mai ƙofa biyu, ƙirar ƙarshen shekarun 1970. Baba, Allah Ya jiƙan shi, ya saye ta tun ba a haife mu ba, hannun Turawan nan da ke keto sahara ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit su saida motocinsu a Nijar su koma gida a jirgi. Da ita ya yi fataucin albasa da bisashe cikin ƙauyukan Adar. Kullum in ana yaba ta sai ya tuna wa mutane cewa a tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya ratsa Agadas da Yamai a farkon 1979, irin wannan motar ce ta riga duk sauran motoci isa, kuma ta sake ci a 1981. Mun ji wannan zance har mun haddace shi kamar karatun lakwal.

Shekara uku ke nan da rasuwarsa, motar na ƙarƙashin bedi a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Da aka raba gado, malamai suka ce ko dai a saida ta a raba kuɗin, ko magada su yarda a bar ta. Ƴan'uwanmu mata suka ce duk abin da Inna ta faɗa sun bi. Ana nan sai ga wani mai saye daga Yamai da tayi mai kyau. Inna ta tara mu, har da Auta da ke Faransa a kan waya, ta ce: "In ta tashi ta kai ni garinmu armen jikata bayan girbi, a bar ta. In ba ta tashi ba ku saida, in huta da ganinta kamar kushewa ƙofar gida." Wata biyar ta ba mu.

Muka tura ta zuwa garajin Kawu. Ba ƙanen Inna ba ne, abokin Baba ne tun suna samari, kuma shi kaɗai ya taɓa sa hannu cikin injin nan. Aka sa batir, aka canza mai, aka wanke tanki. Ta tashi, amma tashin mara lafiya: tana kakkarwa, tana baƙin hayaƙi, in an taka ta sai ta shaƙe. Kawu ya kwance murfin karburater ta dama, ya zaro wata baƙar roba mai kamar ƙaramin faifai, ya ɗaga ta sama. Rana ta ɓullo ta cikin tsagar da ke jikinta.

Bari mu ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su taɓa buɗe kapo ba. Inji ba ya shan isansi zalla, sai an gauraya masa da iska, kusan kilo 15 na iska ga kilo 1 na mai. Kafin zuwan motocin yanzu masu kwamfuta, karburater ce ke wannan gaurayawa. Iska na wucewa ta wani matsattsen maƙogwaro, saurinta ya zuƙo mai ta wata ƴar ƙofa da makanikai ke kira jiklar. Yawancin motocin da muka sani, kamar Peugeot 504 ta tasha, karburater ɗaya gare su. Ita kuwa motar Baba silinda 8 gare ta, lita 3.5, injin alminiyom ne da kamfanin Rover na Ingila ya sayi ƙirarsa hannun Buick na Amurka. Karburater biyu ke ciyar da shi, kowace da silinda huɗu. Nan ne wahalar take. In ɗaya ta fi ɗaya shaƙar iska, rabin injin na gudu rabi na jan ƙafa, kamar a ɗaure sa da jaki a garma ɗaya.

Waɗanda suka zo da motar sunansu Zenith-Stromberg, lamba 175, wato faɗin bakinsu inci 1.75. Cikin kowace akwai piston mai hawa da sauka, da wata siririyar allura a gindinsa da ke shiga cikin jiklar. In inji ya nemi iska da yawa, piston ya hau, allura ta janye, mai ya ƙaru. Robar nan da ta tsage, wadda Kawu ke kira mambaran, ita ke riƙe iskar da ke ɗaga piston. In ta huje, piston ba ya hawa, mota ba ta da ƙarfi.

Ranar nan muka sa hoton robar a gurup ɗin gida na WhatsApp. Da mun sani da mun yi shiru.

Auta ne ya fara. Ya ce a zubar da tsofaffin ƙarafan nan duka biyu, a sa babbar karburater guda mai baki huɗu irin ta Amurka, Edelbrock ko Holley, kamar yadda ya ga masu irin motar na yi a Turai. Ba sauran wahalar daidaita biyu, ga ƙarfi, ga ƙara mai daɗi. Ya turo bidiyo ya kai goma. Ya ce shi zai biya rabi.

Yaya babba, da ke aiki a Yamai, ya ce sam. Shi SU yake so. Kuma gaskiya Yaya ya yi karatun abin, ba da ka yake magana ba. SU da Stromberg hanyar aikinsu ɗaya, amma SU ba ta da roba. Piston ɗinta ƙarfe ne cikin ƙoƙon ƙarfe, an gyare su daidai da juna har iska ba ta samun wurin wucewa sai kaɗan. Ita ce ma ta asali: wasu ƴan'uwa masu suna Skinner, ƴaƴan gidan masu sana'ar takalmi a Landan, su suka ƙirƙiro ta tun farkon ƙarni na 20, har na farkon da fata aka yi musu zuga-zugi. Stromberg mai roba sai a farkon shekarun 1960 ta fito, lokacin da kamfanin SU ke hannun wani babban kamfanin motoci, abokan gasarsa kuma na neman tasu. Yaya ya ce ko masu Range Rover ɗin da kansu sun koma sa SU a cikin shekarun 1980, irin da ake kira HIF, mai wani ɗan ƙarfe a ciki da ke rage mai da kansa in ya ɗauki zafi. Ya ce: "Ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wa zai dogara da roba?"

Mu kuma fa? To, a nan sai mun faɗi gaskiya a kanmu. Mu da ke zaune Tawa, mu ke biyan aparanti, mu ke jin tambayar Inna kowace safiya, ba abin da muke so sai a gama. Wani dillali ya ce yana da SU guda ɗaya mai kyau, da arha. Muka ce a cire mara lafiyar a sa wannan, ɗayar a bar ta yadda take. Mun ma ba da kuɗin ajiya ba tare da mun gaya wa kowa ba.

Gurup ya kama wuta. Yaya ya ce Auta ya zama Bature, bai san hanyar ƙauye ba. Auta ya ce Yaya na son ya yi mulki da kuɗin wasu. Da suka ji labarin kuɗin ajiyarmu, sai suka haɗu a kanmu. Akwai sati biyu da ba wanda ya ce wa wani ina kwana. Mai sayen nan na Yamai kuwa kullum sai ya kira.

Muka ɗauki SU ɗin dillali muka kai wa Kawu. Ya juya ta a hannu, ya aje kan benci, ya ce: "Ɗana, mi kake so in yi da wagga?" Muka faɗa masa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce allurarsu ba ɗaya ba, sifirin ɗin da ke danne piston ba ɗaya ba, sandar da ke haɗa su da totur ba za ta zauna ba. Ko an tilasta sun yi daidai a ralanti, da an taka mota kowace za ta kama gabanta, silinda huɗu su sha mai da yawa buji ya yi baƙi, huɗu su sha kaɗan su yi zafi har bawul ya ƙone. "Ko duka biyu, ko ba ko ɗaya. Tagwaye na, ba a yi musu uwa daban-daban." Kuɗin ajiyarmu dai sun tafi, mun ɗauka sadaka.

Sai muka tambaye shi maganar Auta. Bai raina ta ba. Ya ce a kan kwalta babbar karburater na da daɗi. Amma ba ita kaɗai ake saye ba, sai an canza duk kolektar da take zama a kai, da matatar iska, da igiyar totur. Muka lissafa da kuɗin jirgi da na duwan, ya haura albashinmu na wata uku. Sannan an yi ta ne don manyan injinan Amurka, sai an sake mata jiklar da allurai kafin ta dace da lita 3.5, kuma duk garin ba mai akwatin waɗannan kaya. Ya ƙara da abin da ya fi damun shi: irin waɗannan, in mota ta karkace a hawan dutse ko gangaren ƙorama, mai na iya malala cikin maƙogwaro inji ya mutu. Hanyar garin su Inna, can wajen Keita, duk hawa da gangara ce da duwatsu. "In ta mutu muku tsakiyar hawa da tsohuwa ciki, wa za ku kira? Bidiyo?"

Maganar Yaya ta fi wuyar turewa, don Kawu da kansa ya ce in da sabbin SU biyu ne a gabansa, tare da kolektarsu da sandunansu da allurar da ta dace da injin, da gudu zai ɗaura. Har yau ana ƙera su a Ingila, a garin Salisbury, amma kuɗinsu ya ma fi na abin da Auta ke so. Saura na hannu. Yaya ya sa aka nemo a Katako ba a samu ba, sai wani direba ya zo mana da guda biyu daga Ƙofar Ruwa ta Kano, da sharaɗin in ba su yi ba a maida. A ido sun yi kyau, an wanke su suna ƙyalli.

Kawu ya gwada su a gabanmu, muna ɗauka da waya muna tura wa Yaya. Ya cire ƙoƙunan, ya toshe ƴan ramukan piston, ya kifa su, ya saki. Piston na farko ya sauka a hankali, kamar guga cike da ruwa. Na biyu ya faɗo tim. Ya sa farce cikin ƙoƙon ya nuna mana zane-zane: wani ya taɓa goge shi da takardar yashi don ya daina maƙalewa. Ya ce abin da ya sa SU ta fi ƙarko shi ne kuma rauninta. Piston da ƙoƙonta tare aka haife su, ba a musanya su, ba a kankare su. In sun lalace ba abin da makaniken ƙauye zai iya. Ita kuwa roba, in ta tsage, sukurori huɗu ne, minti goma, ko a gindin ƙirya ne.

Daga nan ya buɗe wani tsohon gwangwanin madara ya fiddo mambaran biyu da suka bushe kamar ganda. Ya ce Baba ne ya ba shi ajiya. Duk shekara biyu sai sun canza, ko ta tsage ko ba ta tsage ba, kuma kullum akwai sabuwa guda cikin akwatin gaban mota, a naɗe cikin leda. Shekara talatin da wani abu motar ba ta taɓa kwana a daji saboda karburater ba.

Wannan ne ya kashe gardamar, ba iya bakin kowa ba. Muka rubuta a gurup cewa tambayar ba wace karburater ta fi kyau a duniya ba ce. Tambayar ita ce wace za a iya gyarawa tsakanin Tawa da Keita, da turnabis ɗaya da hannun yaron Kawu. Yaya ya yi shiru kwana ɗaya, sannan ya rubuto: "A maida na Kano." Auta ya sayi kayan gyaran Stromberg, mambaran huɗu da allurai biyu da joyin da bawul ɗin filota, duka suka shiga ambulan guda, wata Hajiya mai dawowa ta saka a jakarta.

Amma kada wani ya ɗauka canza roba kawai aka yi. Da aka ɗaura sabbin, ralanti ya ƙi zama. Kawu ya ɗiga isansi a gefen sandar papiyon, sai muka ji inji ya canza murya. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta cinye ramin da sandar ke juyawa, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Sai da aka aika gangar jikin duka biyun Maraɗi wurin mai tur ya sa musu zoben tagulla. An sa sabuwar matatar iska, da matatar mai biyu a jere, saboda duk wanda ya taɓa sayen mai na kwalba hannun ƴan ruwa-ruwa ya san abin da ke kwance a gindin kwalbar. Kuma kafin a taɓa sukurun karburater ko ɗaya, sai da Kawu ya gama da buji da delko. Ya ce rabin ciwon da ake ɗora wa karburater na wuta ne.

Ranar daidaitawa ita ce ba za mu manta ba. Inji ya yi zafi, aka zuba ɗan man inji cikin kan kowace don piston ya riƙa hawa a natse, aka saki sandar da ke haɗa su don kowace ta tsaya da ƙafarta. Kawu ya ɗauko guntun tiyo, ya kara baki ɗaya a bakin karburater, ɗaya a kunnensa. Ya koma ɗayar. Ya sake dawowa. Ya daɗe yana haka. Can sai ya sauke tiyon, bai dube mu ba, ya ce: "Kunnen ya tahi. Da can ko daga bakin garka nike jin wadda ta yi ƙarya." Aparantinsa duk suka sunkuyar da kai.

Ya miƙo mana tiyon. "Kai da ka wuni da abu a kunne, zo ka ji."

Jama'a, shekara goma sha muna zaune a sitidiyo da kaske a kai, muna daidaita mikoron baƙo da namu don kada wata murya ta danne wata. Ba mu taɓa zaton zai yi amfani a garaji ba. Muka kara tiyon. Ta hagu na huci da kaifi, ta dama na yi can ƙasa-ƙasa. Muka ce dama ta yi rauni. Kawu ya murɗa sukuru kaɗan. Muka ce saura. Ya ƙara. Muka ce ya wuce, ya dawo da rabi. Mu kunne, shi hannu, har hucin biyu ya zama ɗaya. Sannan ya ɗaga kowane piston da bakin turnabis kamar kaurin farce: in inji ya ɗaga murya ya zauna a sama, mai ya yi yawa, in ya nemi mutuwa, ya yi kaɗan, in ya ɗan ɗaga ya koma, an dace. Yana gyara allurar ta sama da wani dogon kile da ya ƙera da kansa, mai riƙe piston don kada sabuwar robar ta murɗe ta yage. Da ya gama ya ɗora kofin shayi a kan inji. Shayin bai zube ba.

Muka ɗauki ƙarar muka tura gurup ba tare da rubutu ba. Yaya ya kira, muka ji muryarsa ta canza, ya ce haka take yi in Baba ya dawo da dare. Auta, wanda ya fi kowa son ƙarar Amurka, ya ce a sake turo masa mai tsawo.

Bayan girbi mun kai Inna armen jikarta. Yaya ya zo daga Yamai shi ya tuƙa, Inna a gaba, mu da yaron Kawu a baya da jarka biyu. Ba za mu ɓoye muku ba, motar na shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, mun auna kusan lita 20 a kilomita 100. A babban hawan nan kafin gari Inna ta riƙe ƙofa tana salati, motar ta haye ba ko tari. Da muka isa, tsofaffin garin suka fito, wasu na shafa kapo suna yi wa Baba addu'a. Inna ba ta ce komai ba sai da za ta sauka. Ta buɗe akwatin gaba, ta ga leda da sabuwar roba ciki, ta maida ta rufe.

Ba mu ce kowa ya bi zaɓinmu ba. Wanda ke Yamai, kan kwalta, da kuɗi a hannu da makaniken da ya san aikin, SU sabbi ko babbar nan ta Amurka na iya fi masa. Amma in kuna da tsohuwar mota ko babban moto mai karburater fiye da ɗaya, ga abin da muka biya kuɗi muka koya: kada ku haɗa iri biyu, kada ku sayi na hannu don ƙyallinsu sai an gwada a gabanku, kuma ku tambayi wanda zai gyara kafin ku tambayi mai saidawa.

Abin da ya rage mana a rai shi ne Kawu. Yaransa sun iya sa na'ura su karanta ciwon motocin zamani, amma ba wanda ya iya aikin tiyo. Mun yi da shi duk ranar Lahadi za mu riƙa zuwa garajin, shi yana nunawa, mu da yaran muna saurare. Mai sayen Yamai ya sake kira satin da ya wuce, ya ƙara kuɗi. Mun ce ya tambayi Inna. Ta ce a gaya masa akwai wani armen bayan salla.

In akwai tsohon makanike a garinku, Damagaram ko Maraɗi ko Konni ko Doso, wanda har yanzu ke daidaita inji da kunne, ku faɗa mana a ƙasa. Muna so mu je mu ɗauki muryarsa tun yana ji. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama lafiya.